Gidan kallon da na kalli golf na 2024 a Nassarawa

Jama'a duk mai son golf a Kano yasan wahalar samun inda za'a saka maka tashar, ko'ina ƙwallo ne kawai, amma wani ɗan gidan kallo a Nassarawa GRA wallahi ya fitar da ni kunya, nan na kalli kakar 2024 ta PGA Tour, wato jerin gasannin ƙwararrun 'yan golf na Amurka, kusan gaba ɗaya. Mai wurin, muna ce masa Baba, ya ware mana talabijin ɗaya a lungu, kuma da yake wasannin Amurka sai wajen sha biyun dare suke ƙarewa a agogonmu, baya korar kowa, in an ɗauke wuta janareta ya tashi nan take. A nan naga Scottie Scheffler ya ɗauki babbar gasar Masters a Afrilu, ya gama da kofi 7 harda FedEx Cup, kofin ƙarshen kaka, ranar ƙarshe ta babbar gasar US Open kuwa da Rory McIlroy ya ɓarar da gajerun bugu Bryson DeChambeau ya cinye da bugu ɗaya har shayina ya huce ban sha ba. Matsalata kujerun ne, benci ne mai tauri, zaman awa huɗu bayanka zai gaya maka. Baba don Allah a sako kushin.