Idan Farin Gwal Ya Fara Sauya Launi: Wanki, Sabon Rufi, Ko Musanya?

Mata da yawa a Bauchi, idan suka ga zoben farin gwal na cikin lefensu ya fara komawa ruwan ɗorawa, sai hankalinsu ya tashi su ɗauka an sayar musu da jabu, alhali sau da yawa ba haka lamarin yake ba. Farin gwal asalinsa zinare ne da aka gauraya da fararen ƙarafa irin su nikel ko faladiyam ko azurfa, sannan aka lulluɓe shi da wani siririn rufi na ƙarfen rodiyam, wanda shi ne yake ba shi wannan farin mai ɗaukar ido. Lambar 750 da ke cikin zoben tana nufin karat 18, wato kashi 75 cikin ɗari zinare ne, 585 kuma karat 14. Idan rufin ya cinye, launin zinaren ne yake leƙowa.

Kafin ki kashe ko sisi, ki juya zoben ki duba ƙasansa, wajen da yake gogar tafin hannu. Idan nan ne kaɗai ya sauya, saman kuma yana nan fari, to rufi ne ya tafi. Idan kuwa ko'ina ya dusashe, musamman bayan dutsen adon zoben, galibi man shafawa ne da humra da sabulu suka taru. Don wanke wannan, ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi da buroshi mai laushi sun wadatar. Kada a kusanto da toka ko man goge baki, domin suna kankare rufin, ruwan bilic kuwa yana lalata gaurin ƙarfen kansa.

Idan rufi ne ya tafi, sabon rufin rodiyam shi ne kaɗai yake dawo da farin, kuma a nan ne ya kamata a yi hattara, domin abin da wasu maƙera suke kira wankin gwal gogewa ce kawai, wadda take ƙara sheƙi amma take rage ɗan abin da ya saura na rufin. Ki tambaya ƙarara ko rodiyam za a sa, a auna giram a gabanki kafin aiki da bayansa. Ki kuma sani cewa rufin ba ya dawwama: zoben da ake wanke-wanke da shi kullum zai riga ɗan kunne da sarƙa komawa gidan jiya. Wadda yatsanta ya fara ƙaiƙayi, mai yiwuwa nikel ne ya taɓa fatarta, ita ma sabon rufi zai taimaka mata na wani lokaci.

A ganina, zobe mai dutse ko mai tarihi ya cancanci sabon rufi. Amma wadda ta sayi gwal don ajiya, gara ta musanya shi da jan gwal mai karat 21 ko 22, mai lamba 875 ko 916, wanda ba shi da rufin da zai goge, ko da yake za ta yi asarar kuɗin ƙira a wajen musanyar.