Fim tsura da fim mai sikirin, wanne ya fi?

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, wai me ya sa mai ɗaukar hoton eksire na haƙori yake saka ɗan ƙaramin fim a baki ba tare da komai ba, amma in ƙirji za a ɗauka sai a kwantar da fim cikin kaset, wato ɗan akwatin da ake rufe shi a ciki, tsakanin wasu fararen faifai guda biyu, kuma a cikin biyun wanne ya fi. Bari in jera maka su kusa da juna ka gani da kanka.

Da farko ka riƙe wannan, fim ɗin da ke cikin kaset ba eksire ne ke baƙanta shi ba, haske ne. Shi fim rago ne wurin kama eksire, in ɗari suka iso gare shi ƴan ƙalilan yake tarewa sauran su ratsa su wuce abinsu. Fararen faifan nan su ne sikirin, an shafe su da wani garin sinadari da ake ce wa fosfo, da eksire ya taɓa shi sai ya ba da haske, ƙwayar eksire ɗaya tak tana iya haifar da ɗaruruwa ko ma dubban ƙwayoyin haske, to wannan hasken ne yake faɗawa kan sinadarin azurfar da ke jikin fim. Sama da kashi 95 cikin 100 na baƙin da kake gani a hoton ƙirji aikin hasken sikirin ne. In kana so ka yarda da idonka, ka buɗe kaset babu fim ka ajiye kan tebur, a rage wutar ɗaki, ka koma bayan gilashin kariya a danna injin eksire, za ka ga faifan ya yi wal da kore ko shuɗi ya mutu nan take. Ranar da na fara ganin wannan na daina kallon kaset a matsayin akwatin ajiye fim kawai.

Kuma abin ba sabo ba ne, da irin wannan hasken ma aka gano eksiren kansa, a 1895 a Jamus wani masanin kimiyya mai suna Röntgen ya lura wata takarda mai sinadari tana haske a gefe cikin duhu. Shekara na zagayowa, a 1896, mai ƙirƙire-ƙirƙiren nan Edison a Amurka ya gwada sinadarai masu ɗimbin yawa ya ga kalsiyam tongsitet ya fi haske, wani masanin kuma mai suna Pupin a New York ya ɗora irin wannan sikirin kan farantin hoto lokacin ɗauka ya ragu ƙwarai.

To ga bambancin. Fim tsura ya fi fitar da hoto tsaf, wannan babu gardama, domin duk inda eksire ya sauka nan ɗin kaɗai yake baƙi. Yana iya rarrabe layuka wajen 50 a cikin milimita ɗaya. Mai sikirin kuwa tsakanin 7 da 15 yake tsayawa, dalili shi ne haske ba ya tafiya miƙe, daga inda ya tashi cikin fosfo sai ya bazu ko'ina kafin ya kai ga fim, ɗigo ɗaya ya zama ɗan tabo. Ƙari a kan haka fim ɗin kaset fuska biyu gare shi, gaba da baya, hasken sikirin na gaba yakan ratsa ya taɓa fuskar baya a baje, ya ƙara dusashe gefen abu.

Amma ta wajen abin da majiyyaci yake sha na radiyeshin, nan fim tsura ya sha ƙasa, faɗuwa ba ƙarama ba. Kafin ya yi baƙi yadda ake so sai ka ninka masa abin da za ka ba mai sikirin sau goma-goma. Ka ƙiyasta a ce ƙugu ko ciki ko gadon baya za ka ɗauka haka, jikin mutum ya sha wuta a banza, tiyub ɗin da ke fitar da eksire ya yi zafi, lokacin ɗauka ya yi tsawo har majiyyaci ya motsa ko ya yi numfashi, zuciya kuma ba ta jiran kowa, sai tsaf ɗin da kake nema ya tafi a motsi. Shi ya sa ni a wurina in ana maganar babban sashen jiki babu wani zaɓi, sikirin dole ne, kuma raina yana ɓaci in na ji ana yabon kyawun hoto ba a ko ambaci wanda ya kwanta a teburin ba.

Haƙori kuwa wuri ne ɗan mitsitsi, ba kauri, abin da ake nema a ciki ƙanana ne ainun, ɗan rami a gefen haƙori ko siririn layin da ya zagaye saiwa, sannan ina za ka kai kaset cikin baki? Don haka can fim tsura ya dace. Amma ka lura, hoton da ke zagaye muƙamuƙi gaba ɗaya, wanda injin yake kewaya kai, shi da sikirin ake yin sa.

Su ma sikirin ɗin iri biyu ne da ya kamata ka bambance. Tsohon yayi kalsiyam tongsitet, shi ya yi mulki har cikin shekarun 1970, haskensa shuɗi, kuma wajen kashi 5 cikin 100 na ƙarfin eksiren da ya kama yake juyawa haske. Na baya-bayan nan, irin su gadoliniyam oksisalfaid mai koren haske da lantanam oksiburomaid mai shuɗi, suna kai kashi 15 zuwa 20, kuma sun fi kama eksiren tun farko a irin ƙarfin da muke aiki da shi. Ribarsu ke nan, da kaurin fosfo iri ɗaya ka samu saurin da ya ninka biyu ko fiye hoton bai lalace ba. Lambobin da kake gani a jikin kaset, 100, 200, 400, 800, saurin ne, tsohon sikirin mai matsakaicin sauri shi aka ɗauka 100, mai 400 kuwa rubu'in mAs ɗinsa yake buƙata, mAs kuwa shi ne abin da ake saitawa a inji na yawan eksiren da zai fito. Sai dai kar ka ce mafi sauri shi ne mafi alheri, idan sauri ya yi yawa ƙwayoyin eksiren da suka gina hoton sun yi kaɗan, sai ka ga hoton ya yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa rairayi. Hannu da ƙafa a ba su mai 100, ƙirji da ciki 400 ya wadatar. Hoton nono shi tsakiya aka bi, sikirin ɗaya siriri a bayan fim mai fuska ɗaya, don a ga ƙananan ɗigon kalsiyam ba tare da an dafa mace da radiyeshin ba.

Inda na fi so ka buɗe ido shi ne launi. Fim mai jin shuɗi ba ya ganin kore sosai, in ka sa shi a kaset mai koren sikirin hoto zai fito a koɗe. Na taɓa gani a wani wuri da na yi aiki, an kawo kwalin fim na shuɗi alhali duk kasakasanmu na kore ne, hotuna suka dinga fitowa a koɗe, aka zargi ruwan wanke fim aka canja, aka zargi inji, wasu suka dinga ƙara mAs kawai, kwana da kwanaki marasa lafiya suna shan abin da bai kamata ba kafin wani ya karanta jikin kwalin. Har yau abin yana damuna. Fitilar ɗakin duhun da ake wanke fim ma haka, fim mai jin kore ja yake so, in ka kunna masa mai ruwan ɗorawa zai yi hazo.

Sannan sikirin yana son kulawa, abin da fim tsura bai dame ka da shi ba tunda a rufe yake cikin ledarsa. Silin gashi ɗaya ko ƙura in ta kwanta a kai ta tare haske, sai ka ga farin layi ko farin ɗigo yana fitowa a wuri ɗaya a duk hoton da aka ɗauka da wannan kaset. In kuma kaset ya lanƙwashe ko soson cikinsa ya mutu, fim bai manne da sikirin ba, wurin zai dusashe, gwajinsa a ɗora ragar waya a kai a ɗauka, duk inda ragar ta fito duhu-duhu a cakuɗe nan ne iska ta shiga. Ka sa wa kowane kaset lamba a gefen sikirin ɗinsa ta yadda za ta fito a fim, in matsala ta taso ka san wanda za ka buɗe.

Ko da ka koma inda ake aiki da na kwamfuta kar ka yar da wannan karatun, yawancin farantan dijital har yanzu akwai fosfo a cikinsu, gadoliniyam ɗin nan dai ko siziyam ayodaid, eksire ya zama haske tukuna sannan na'urar da ta gaji fim ta karanta shi.