Sharhi: makonni takwas na koyon Sifaniyanci a Salamanka, a gidan masu masauki

Na yi kwas na makonni takwas a wata makarantar koyon harshe mai zaman kanta a Salamanka, yammacin Sifaniya, kuma makarantar ce ta samar mini gidan da na sauka. Ajin ya biya kuɗinsa, amma a teburin cin abinci baki yake buɗewa.

Salamanka garin ɗalibai ne tun tale-tale, jami'arta an kafa ta a 1218. Daga Madrid tafiyar kimanin kilomita 200 ce, a jirgin ƙasa ko bas. Ranar Litinin ta farko ana yin gwajin tantancewa, a rubuce da kuma a baki, sai a ajiye kowa a matakinsa, daga A1, matakin masu farawa, zuwa C2, matakin ƙwararru. Darussa 20 ne a mako, huɗu kowace safiya, biyu na nahawu, biyu na hira. Malaman ba sa fita daga Sifaniyanci ko da kuwa jiya ka fara. Aibin ajin guda ne: kowace Litinin sababbin ɗalibai na shigowa, sai malami ya koma baya ya ɗauko su.

Kalmar da makarantu ke amfani da ita ga gidan masu masauki "familia" ce, wato iyali, amma kada a sa rai da gida mai cike da yara. Sau da yawa dattijuwa ce ita kaɗai, ko miji da mata da 'ya'yansu suka girma suka bar ɗaki babu kowa. Wannan ba laifi ba ne, dattijuwa mai son hira ta fi gida mai mutum shida kowa na kan wayarsa. Abin da ke lalata zaman shi ne a haɗa ka da wasu ɗalibai biyu masu jin Turanci, domin kafin ka ankara hirar teburi ta koma Turanci. A rubuta a fom tun kafin biyan kuɗi cewa ba a son haka.

Tsarin abinci iri biyu ne: "media pensión", wato karin kumallo da abinci ɗaya, da "pensión completa", sau uku. Na biyun nake ba da shawara, domin abincin rana shi ne babba a can, ana zama kansa wajen ƙarfe biyu zuwa uku, a ci gaba da hira bayan an kwashe kwanuka. Wannan awa guda ta fi darasi biyu. Karin kumallo kuwa ba komai ba ne, kofi da madara da gasasshen burodi, na dare kuma sai ƙarfe tara ko goma. Wanda ya saba da tuwo bayan magariba ya tanadi abin taɓawa.

Ga Musulmi, nan ne wurin lura. Cewa "ba na cin naman alade" bai isa ba, domin uwar gida da yawa ba sa lissafa "jamón" da "chorizo", nau'o'in naman alade da aka sarrafa, a cikin abin da kake nufi, a wurinsu kayan ɗanɗano ne. Za a kawo faranti na "lentejas", wani ɗan ƙaramin wake, ka juya cokali sai ga jan yanki ya taso, romon ma duk ya yi ja da kitsensa. A haddace wannan jimla: "No como cerdo, ni jamón, ni chorizo, ni manteca." Ma'anarta ba na cin alade, ko jamón, ko chorizo, ko manteca. Kalmar ƙarshen kitsen alade ce, tana shiga wasu kayan fulawa. "Hornazo", burodin da garin ke alfahari da shi, cikinsa alade ne. Mafi sauƙi a nemi kifi da ƙwai da kayan lambu. Wainar ƙwai da dankali ba ta gundura. Batun kare a gida da lokacin azumi ma a rubuta su a fom ɗin.

Dokokin gida ba su da yawa, amma ana riƙe su. Wanki sau ɗaya a mako. Wanka a gaggauta, ruwan zafi da lantarki suna da tsada. Ba a shiga kicin a yi girki sai da izini, ba a kawo baƙi, in ba za ka ci abinci a gida ba ka sanar tun da safe. Garin yana kan tudu, kusan mita 800, sanyin hunturu na shiga ƙashi, na'urar ɗumama gida kuma awanni kaɗan ake kunna ta. A zo da rigar sanyi ta zaman ɗaki da silifas.

In gidan bai yi ba, a sanar da ofishin masauki na makaranta a makon farko, suna canzawa. Kawaici ba ya aiki a nan, shiru a wurinsu yana nufin komai lafiya.

Kwas da bai wuce kwana 90 ba bizar Shengen, ta gajeriyar ziyara a ƙasashen Turai da dama, ta ishe shi. Fiye da haka sai bizar ɗalibi. Mai farawa daga sifiri zai iya kaiwa wajen A2 a makonni takwas: ciniki, tambayar hanya, ba da labarin abin da ya yi jiya. Takardar da makaranta ke bayarwa shaidar halarta ce kawai. Mai son wadda jami'o'i da ma'aikatu suka sani sai ya yi rajistar jarrabawar DELE, ta shaidar iya Sifaniyanci, wadda cibiyar gwamnatin Sifaniya mai suna Instituto Cervantes ke shiryawa, ita kuma kuɗinta da ranarta daban.