Addar Meziko da maƙeranmu na gida

Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani gari Ocotlan, kudu da birnin Oaxaca a Meziko, bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba, ranar Juma'a kasuwarsu ke ci. Maƙeransu sun shahara da wata irin adda mai siffar takobi, ta ado ce ba ta saran daji ba, a yi mata ƙota da ƙaho ko tagulla da kan mikiya, a zane ruwanta da asid, furanni da tsuntsaye da karin maganarsu, wata ma an rubuta mata kar ka zare ni babu dalili kar ka mayar da ni kube babu daraja.

Na shiga maƙerar wani dattijo riƙe da tsohuwar adda da na saya a gwanjo a Amurka, wallahi mutumin nan ya ajiye guduma ya zaunar da ni kamar ɗansa. Gindin ruwan ya fara dubawa, kusa da ƙota, ga sunan maƙerin da garinsa an buga a jiki, nan take ya ce ai ya san gidan. Ya nuna min yadda ake gane ta hannu, bayanta da kauri yana sirancewa har tsini, zanen ba ya zama daidai wa daida, ta inji kuwa falle ce kawai da ake jibga wa 'yan yawon buɗe ido, kuma su ma can akwai masu wannan cutar. Ya ce in ka ga tambarin Collins, wani kamfanin Amurka, to ruwan ƙirar kamfani ne, masana'antarsu ta Amurka tun 1966 ta rufe, wani lokaci adon ne kaɗai na Meziko. Ko sisi bai nema ba, ban sayi komai ba kuma fuskarsa ba ta canja ba, har bakin ƙofa ya rako ni.

Abin da ya fi ci min rai, da sifirin tsohuwar mota suke ƙira, irin dai wanda maƙeranmu ke ƙira da shi. Na tuna takubban hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau, da takobin Buzayen Agadas, kai kuben dukawanmu ma wallahi ya fi nasu kyau nesa ba kusa ba. Amma ina sunan wanda ya ƙera? Babu. Ka je kasuwa a ɗauko maka wanda aka gama jiya an binne shi ya yi tsatsa, a rantse maka tun zamanin jihadi yake, ka tambayi wa ya yi a ce kai dai saya za ka yi ko surutu. Dillali ya cinye riba, maƙeri na can bakin zugazugi ba wanda ya san da shi, 'ya'yansa duk sun gudu acaɓa.

Don Allah duk wanda gidansu ake ƙira ya gaya wa su baba su sa a yi musu ɗan tambari, suna da gari kawai, a riƙa bugawa tun ƙarfen yana ja.