Moɗa, albasar kwaɗi ko gatarin kurege: wanne ya dace da gindin darbejiya?

A Mai Wurno da sauran garuruwanmu na bakin kogin Bahar Azraƙ a Sudan, gidaje da yawa suna da darbejiya ko mangwaro a hosh, wato tsakar gida. Inuwa kam ba a magana. Amma duba gindin bishiyar: ƙasa ce tsirara, daga randa sai tabarma sai kaji suna tono. Duk wanda ya gwada dasa fure a wurin ya san yadda ake kwashewa.

Ni ma na sha. Shekarun baya na shiga wani mashtal, wato wurin sayar da tsirrai, na ga wani tsiro mai ganye lallausa kamar gashin tsuntsu, mai wurin ya ce min ai ɗan inuwa ne. Gaskiya ya faɗa, sai dai inuwar da tsiron ya sani mai raɓa ce, ba irin tamu ba, wadda a Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40 ko a ƙarƙashin bishiya. Kwana goma da shigowar bazara ya zama kamar soyayyen zogale. Tun daga nan na koma neman tsirran dajinmu, waɗanda suka saba kwana a ƙasa duk rani su farka da ruwan farko.

Kafin ka fitar da kuɗi, san irin inuwarka. Ta darbejiya busasshiya ce, don saiwoyinta suna bazuwa su shanye duk abin da ka zuba. Ta mangwaro ta fi duhu. Ta katanga kuwa, idan rana na leƙowa da safe, ita ce mafi sauƙi. Sai kuma ƙasarmu, baƙar laka mai tsagewa da rani, wadda da harif, wato damina, take riƙe ruwa har ta cire wa mutum takalmi. Wannan laka ita ke raba gardama tsakanin tsirran nan uku.

Moɗa ce ta farko, kuma ita nake ba wa duk wanda bai taɓa dasa komai ba. Ganyenta tsaye yake kamar takobi, mai kauri, da zane-zane. Kakanninmu daga zarenta suke yin tsirkiyar baka da igiya. Ba ta zubar da ganye da rani, akuya ba ta cika damuwa da ita ba, kuma tana jure gindin darbejiya inda sauran suke sallamawa. Abu ɗaya ke kashe ta: ruwa ya kwanta mata. A cikin lakarmu, in aka dasa ta a rami, kafin Satumba gindin ya ruɓe, ka ja ganye ya biyo hannunka yana wari. Sai a yi mata tudu, a yawaita yashi, ko a sa ta cikin tsohuwar randa da ta fashe a gindi. A mashtal za ka fi samun mai rawaya a gefen ganye, kuma ta fi tsada. In ita ka saya, kada ka yanka ganye ka binne don ƙari, domin abin da zai fito kore ne zalla, rawayar ta tafi. Sai dai ka raba ta daga saiwa. Tawa ma ban saya ba. Goggona ce ta sa yaro ya sare min 'ya'ya uku da fartanya, tana cewa, "Ɗauki, ɗan nan, ni ta ishe ni, har ta fara tura min katanga."

Laifin moɗa shi ne ba ta da abin kallo. Yadda ka bar ta jiya haka za ka same ta gobe.

Mai son fure sai ya dubi albasar kwaɗi. Sunanta ya gaya maka inda take so: fadama, bakin tafki, wurin da ruwa ke ɗan tsayawa. Lakar da ke kashe moɗa ita ce gidanta. Albasar kan kai girman dunƙulen hannu ko fiye, kuma da saukar ruwan farko sai ta turo kara ɗaya mai ɗauke da manyan furanni farare, kowanne da jan layi a tsakiya. Kwanaki kaɗan suke yi, amma a kwanakin nan duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya. A gidanmu tana gefen randuna, inda ɗigon ruwa ke jiƙa ƙasa kullum, kuma rana na samunta har zuwa hantsi. Wannan rana ta safe ba ta da makawa. A cikin duhun mangwaro za ta yi ganye shar, fure kuwa sai dai ka ji labari.

Wajen saye a nan ake cutar mutane. Matsa albasar da yatsa, ta kasance da tauri da nauyi, ba laushi a gindi. Zaɓi babba ko da ta fi tsada, don ƙarama ko wadda aka tayar daga iri takan ɗauki shekara uku ko fiye kafin ta yi fure. A dasa ta wuyanta daidai da fuskar ƙasa, sannan a ƙyale ta, ba ta son a riƙa tone ta ana canza mata wuri. Kuma albasa ce a suna kawai. Tana da guba, kada a ajiye ta kusa da kwandon cefane.

Gatarin kurege ya fi su duka kyau, ba na musu. Yaɗo yake yi, bakin kowane ganye yana naɗewa ya kama reshe ko zana, furen kuma ya lanƙwashe baya, ja da rawaya kamar harshen wuta. Ƙasar Zimbabuwe ma shi ta ɗauka furen ƙasa. Yana son gindinsa a inuwa, kansa a haske, don haka jikin rakuba, wato rumfa, ya fi masa gindin bishiya. Saiwarsa doguwa ce mai gwiwa, ga saurin karyewa, kuma daga ɗan tsinin bakinta kaɗai take tsira. In tsinin ya gutsure, ka sayi itace. A kwance ake binne ta, zurfin kamar yatsa, cikin ƙasa mai yashi. Duk da haka ni ba na dasa shi, kuma ba na ba mai ƙananan yara shawara ya dasa. Akwai guba mai suna kolcisin a duk jikinsa, musamman saiwa da iri, tana kisa, kuma saiwar tana kama da ɗan rogo ko dankali. Gubar ba ta nunawa nan take, sai bayan sa'o'i amai da gudawa su taso. Wanda ya ci, ko dabba ko mutum, ba a jira a ga alama, magani ake nema nan da nan.

Wasu kan tambayi takalmin zomo, mai ganye huɗu a shimfiɗe a ƙasa da fure rawaya, wanda shi ne furen da ke tambarin Najeriya. Yana son laima fiye da abin da hosh ɗinmu zai iya bayarwa, sai dai a tukunya.

Ban kawo farashi ba, don tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuɗin komai ba ya kwana wuri ɗaya. Lokacin saye dai shi ne ƙarshen Mayu zuwa Yuni, gab da harif, sa'ad da albasa da saiwa suke barci, sun fi jure ɗauka. In a baƙar leda tsiron yake, juya ta ka duba: saiwa fara ko mai ruwan lemo lafiya ce, baƙa mai laushi a mayar wa mai ita. Sayi buhun gurera, wato lakar bakin kogi, ka haɗa da yashi da tsohon taki wanda ya huce, don ɗanye yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. In wani ya ce maka daga dajin Dindir ya tono kayansa, ka sani wurin a kiyaye yake tun 1935. Sannan kafin ka dasa komai, tanadi ƙaya ko tsohon kwando ka kife a kai na sati biyu, in ba haka ba kaji za su tone maka shi tun kafin la'asar.