Na je na ga fatalwar nan a Landan, ga ra'ayina kan maganar wai za ta koma Niyok

Tun ranar da aka rufe wasan kwaikwayon waƙa na The Phantom of the Opera a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta Niyok, 16 ga Afrilun 2023, matar yayana ta hana mu sakat a gidan nan. Ita dai wai rufewar dabara ce ta 'yan kasuwa, za a dawo da shi, a rubuta a ajiye. Yaya kuma yace an binne shi kenan, wasan da ya shekara 35 a waje ɗaya ai ya ci lokacinsa ya ci na wasu. Ni a lokacin ko sanin abun ban yi ba, ina dai jin suna ta musu kan wata fatalwa mai rabin fuska ina wanke-wankena. To kwanaki dai Anti ta matsa sai da na ɗau hutun kwana ɗaya a wajen aiki muka hau jirgin ƙasa daga Birmingham zuwa Landan, tunda can har yanzu ana yinsa, a gidan wasan da aka fara shi tun watan Oktoban 1986 a titin Haymarket. Da sunan gidan Her Majesty's, da aka naɗa Sarki Charles a 2023 ya koma His Majesty's, haka al'adar gidan take, sunan yana bin wanda ke kan gadon sarauta.

Bari in fara da tikiti don nan na ƙone. Ban saya a shafin gidan wasan ba, wani shafi na shiga na masu sarin tikiti saboda na ga farashi mai sauƙi, ashe sai ka zo wajen biya suke lafta maka kuɗin kaza da kuɗin kaza, kafin in ankara abun ya haura abin da da na biya kai tsaye. Kuma akwai ɗan rubutu ƙanana a ƙasa da yace kujerar ba a ganin duk dandamalin daga wajen, ban karanta ba, wannan kam laifina ne. Can saman bene muka samu, matakala kamar za ka hau dutsen Dala, Anti tana haki tana cewa ke dai wallahi ba a ba ki aike. Don Allah duk mai zuwa ya duba taswirar kujeru tukunna.

Wasan rana muka shiga, ƙarfe 2:30, wajen awa biyu da rabi ne har da hutun tsakiya. Ga wanda bai san labarin ba, daga littafin wani Bafaranshe aka ɗauko, Gaston Leroux, na 1910. Wani mutum ne mai nakasa a fuska yake ɓoye a ƙarƙashin gidan waƙa na birnin Faris, gwanin kiɗa ne na ƙarshe, kowa na tsoronsa ana cewa fatalwa ce, sai ya kamu da son wata yarinya mai suna Christine yana koya mata waƙa ta bayan bango ba ta ganinsa, ita kuma ga saurayinta na yarinta Raoul ya dawo. Shi kenan fa labarin. Kusan komai da waƙa ake faɗa, har faɗa da waƙa ake yi, kuma mu da muka tashi da fina-finan Indiya wannan ba zai ba mu mamaki ba, bambancin kawai galibi nan a gabanka mutum yake buɗe baki muryar na fitowa, ba wani ne ya rera a situdiyo shi yana motsa leɓe ba.

Farkon ya ɗan sa ni hamma, gaskiya. Gwanjo ake yi na tsofaffin kayan gidan waƙar, dandamali duk an lulluɓe da yadi mai ƙura, ana ta kiran lamba, aka fito da wani akwatin kiɗa mai ɗan biri a kai yana buga faranti, wani tsoho a keken guragu ya saya. Na fara tunanin kuɗin jirgin da na kashe. Sai mai gwanjon ya kira kaya mai lamba 666, aka yaye mayafi, wuta ta yi tartsatsi, kiɗan ogan, babban abin kiɗan nan na coci, ya fashe kamar aradu, wata ƙatuwar fitila mai tarin duwatsun gilas ta fara tashi daga ƙasa tana lilo tana hawa sama a hankali ta saman kawunan mutane. Tsikar jikina ta tashi har ƙeya. Na damƙe hannun Anti nace Anti wannan ba za ta faɗo ba kuwa? Tace ki dai jira.

Inda ya fi tafiya da ni shi ne lokacin da mutumin da ake cewa fatalwa ya ja Christine zuwa ƙarƙashin ƙasa. Hayaƙi ya rufe dandamalin gaba ɗaya ya zama kamar ruwa, kyandirori suna ɓullowa daga ƙasa a kunne, shi yana tuƙa kwalekwale da sanda ita tana zaune a ciki, kuma wallahi na san katako ne a wajen, minti biyar da suka wuce na ga mutane suna takawa, amma idona ya ƙi yarda. Akwai wani ɗan madubin hangen nesa da ake makalawa a bayan kujeru, ka saka tsabar fam ɗaya ya fito, da shi na ga hannun mutumin yana rawa sanda yarinyar ta fizge farin abin da yake rufe fuskarsa, ya faɗi yana jan ciki yana kare fuskar da tafin hannu. Nan na ji tausayinsa. Amma fa tausayin bai daɗe ba, don in za a faɗi gaskiya bawan Allahn nan mugu ne, ya shaƙe mutum biyu da igiya, yana bin yarinya yana tsorata ta, a unguwarmu da tuni an kai ƙararsa wajen mai unguwa. Waƙar ce kawai take wanke shi. Sashe na biyu kuma akwai wuraren da suka ja da yawa, musamman inda masu gidan waƙar suke karanta wasiƙu kowa na rera nasa lokaci ɗaya, turancin ya cakuɗe min ban tsinci komai ba.

A hutun tsakiya ne, bayan fitilar ta rikito, mu daga sama muka ga bayanta kawai tana wucewa, na ƙasa su suka yi ihu, na samu abin da ya sa nake wannan rubutun. Wata tsohuwa baturiya ce a gefena tana shan askirim a ɗan kofi, nan al'adarsu ce a gidan wasa ko da sanyi, ta tambaye ni ko zuwana na farko ne. Nace eh. Ita tun zamanin Michael Crawford da Sarah Brightman take zuwa, su ne suka fara fitowa a 1986. Ta nuna min ramin da makaɗa ke zama a gaban dandamali tace da su 27 ne a ciki, da aka sake buɗewa a Yulin 2021 bayan korona aka mayar da su 14, sauran sautin na'ura ke cikewa. Tace da akwai wani mutum-mutumin mala'ika mai ruwan zinare a saman dandamalin wanda fatalwar ke ɓuya a kai, yanzu doki mai fukafukai aka saka. Ita kunnenta yana jin giɓin, goge ya yi ƙaranci, kiɗan ba ya cika ɗakin kamar da. Ni kuwa? Ni ban ji giɓin komai ba. Wanda bai taɓa cin tuwon kakarsa ba ai ba zai ce na yau bai yi daɗi ba.

To a nan na gane musun gidanmu kowa da rabin gaskiyarsa. Dawowa kam zai dawo, ni ban da shakka. Wasan Cats, wanda shi ma Andrew Lloyd Webber mai kiɗan Phantom ne ya yi kiɗansa, an rufe shi a Broadway a 2000, ya dawo a 2016. Les Misérables an rufe a 2003, shekara uku kacal aka sake buɗewa a 2006, aka kuma a 2014. Kuma akwai furodusa ɗaya da yake da hannu a duk waɗannan har da Phantom tun asali, Cameron Mackintosh, shi da bakinsa a daren rufewar ya nuna cewa manyan wasanni irin wannan dawowa suke yi. Mutumin da ya ga an sanar za a rufe a Fabrairu, jama'a suka yi caa a kan tikiti har sai da aka ɗaga zuwa Afrilu, kuna ganin zai bar kuɗin nan a ƙasa? Wasan da aka yi sau 13,981 a gidan Majestic, babu wanda ya taɓa kai shi daɗewa a tarihin Broadway, sunan kaɗai jari ne.

Amma abin da ya kashe shi tun farko bai tafi ko'ina ba, wato tsada. Kusan dala miliyan ɗaya yake ci duk mako kafin a yi maganar riba, ga makaɗa 27, ga masu kula da kaya da fitilu da rigunan nan masu nauyi, ga 'yan yawon buɗe ido da su ne ke cika kujerun sun ragu bayan korona. Wanda ya rufe shago saboda kuɗin haya ba zai sake buɗewa a kan haya ɗaya ba. Kuma waɗanda suka gina na asalin da dama sun riga mu gidan gaskiya, Maria Björnson mai tsara dandamali da sutura tun 2002, Gillian Lynne mai tsara rawa a 2018, darakta Hal Prince a 2019, babu mai tsayawa yace kar a taɓa min kaza. Majestic ɗin ma an gyara shi an saka wani wasan, Gypsy, a ƙarshen 2024. A 2025 kuma aka buɗe wani salo a Niyok mai suna Masquerade, labarin ɗaya ne amma 'yan kallo ne suke rufe fuska suna bin 'yan wasa ɗaki-ɗaki, Anti tace kin gani ko, ya dawo, Yaya yace wannan ba shi ba ne, ɗan uwansa ne. Ni a ganina gwaji ake yi a ga ko har yanzu sunan yana sayarwa.

Don haka in kun ji ni, wanda zai koma Broadway irin wanda na gani ne a Landan, mai ramin makaɗa rabi, kuma irina za a yi wa shi, waɗanda ba su ga na da ba, za mu biya mu yi tafi mu fito muna share hawaye. Tsohuwar nan ma fa duk da ƙorafinta ta miƙe tsaye tana tafi a ƙarshe, na ganta da idona.

Ko ya cancanci kuɗinsa? Eh, ko daga saman benen nan. In maki ne zan ba shi takwas cikin goma, ɗaya na cire saboda wasiƙun da suka sa ni barci, ɗaya saboda na fito ina jin haushin yarinyar da ta tsaya tana tausayin mai garkuwa da ita. Mun rasa jirgin da muka yi niyyar hawa saboda Anti ta tsaya sayen kofi mai hoton fuskar, Yaya ya kira yana tambaya ko fatalwar ce ta riƙe mu. Na riga na fara tara kuɗin komawa, wannan karon a shafin gidan zan saya, kujerar ƙasa, layin tsakiya, daidai inda fitilar take wucewa ta kan mutane.