Kama Sharar Asid: Trietilamin ko 1-Metilimidazol?

Wajen haɗa sinadarin alkoksifenilfosfin, wanda ake buƙata don tawada da fenti masu bushewa da hasken UV, asid ɗin HCl na fitowa a matsayin shara. In ba a kama shi nan take ba, sai ya ɓata kayan.

Tsohuwar hanya ita ce a zuba trietilamin, wani sinadari mai haɗuwa da asid ya zama gishiri. Yana kamawa, amma gishirin da ke fitowa daskararre ne, cakuɗin ya yi kauri kamar kunu. Gaurayawa ta gagara, zafi ya taru wuri guda, dole a tsaya a tace. Wajen kashi 50 cikin 100 na alkoksifenilfosfin ɗin da ya kamata a samu ake samu.

A 2002 kamfanin BASF na Jamus ya koma 1-metilimidazol, wani sinadarin mai kama asid, kuma a ganina nan ne dabarar take. Gishirinsa na narkewa a wajen digiri 75 na ma'aunin Celsius, don haka a zafin da ake aikin narkakke ne: ya kwanta ƙasa, kayan su hau sama, a tsiyaye. Yana kuma hanzarta haɗuwar, abin da ake samu ya kai kashi 98. Daga baya a zuba sinadarin NaOH (soda mai ƙuna), 1-metilimidazol ɗin ya dawo a sake aiki da shi.

Sai dai a kula, in zafi ya sauka, gishirin zai daskare ya toshe bututu.